Kwanon Malam Iro

Duk shekara sai an turo mini ku, ɗalibai huɗu ko biyar, kowa da sabuwar farar riga da biro uku a aljihu, wai ku koyi aikin dabbobi a hannun tsoho. Kuma duk shekara abu ɗaya nake gani. Da an shigo da dabba, kafin mai ita ya gama sallama, hannunku ya riga ya kai kan sirinji. A ganinku aikin ke nan: a soka allura, a shafa auduga, a ce Allah ya sawwaƙe. Jiya ma ina zaune aka kawo wata tsohuwar kyanwa mai amai, ɗayanku ya ce tsutsar ciki ce, ɗaya ya ce ɓera mai guba ta ci, amma ba wanda ya tambayi matar yadda kyanwar take shan ruwa. To, ku ajiye wayoyin nan ku saurara, don ni ba na maimaita magana.

Na kama aiki a wani ƙaramin asibitin dabbobi a nan arewacin kogi, a farkon shekarun saba'in, ina da 'yar takardata da girman kai kamar naku. Likita ɗaya ne gare mu, kuma rabin wata yana daji wajen shanu. Wanda ya riƙe wurin a zahiri wani tsoho ne, Baba Tanko, da ya yi aiki da Turawa tun yana saurayi. Bokonsa bai wuce ya rubuta sunan magani ba, amma in ya ɗora hannu a cikin dabba sai ka ce leƙawa ya yi. Wata shida na yi a ƙarƙashinsa bai bar ni na yi wa ko ɗan tsako allura ba. Aikina shi ne dafa sirinjin gilashi a tukunya, wasa bakin allura a kan dutse, da wanke faranti. A lokacin allura ba a yar da ita; in ta dakushe ka wasa, in ta toshe ka zura mata siririyar waya, in ka karya ta kuma ka ji ta bakin Baba har a tashi aiki.

Riƙon kyanwa ma sai da ya koya mini. Sa yana da ƙaho, doki yana da harbi, duk ka san ta inda za su ɓullo maka. Kyanwa kuwa ko'ina a jikinta makami ne. Ana naɗe ta ne da tsohon tawul, a bar kai kawai a waje, a rufe mata ido da gefen hannu, a yi mata magana ƙasa-ƙasa. Wannan tabon da kuke gani daga wuyan hannuna zuwa gwiwar hannu, ranar da na ce tawul ɓata lokaci ne na samo shi. Baba Tanko ya wanke mini ciwon da kansa, yana yi yana tambayata ko yanzu na sami lokacin.

Ka'idarsa guda ce, kuma ita ce ka'idata har yau. In an ce tsohuwar kyanwa tana amai, kada ka taɓa akwatin magani sai ka ga inda take shan ruwa. Kyanwa mai lafiya ba ta damu da ruwa ba. Ta ɗan lasa, ta kaɗa kai, ta wuce, ko gwangwanin madara ɗaya ba ta shanyewa a yini. Ranar da ka ga ta fara bin buta, tana leƙa bokiti, tana zama gindin famfo, to akwai abin da ya lalace a ciki, kuma aman da ya tayar wa masu ita da hankali shi ne ya zo daga baya.

Wani ƙaton muzuru na wani ɗan kwara, Balarabe mai kantin yadi, shi ne na fara ganin haka a kansa. An yi masa gata har ƙiba ta hana shi tsalle, sai kuma ya fara zubewa alhali yana ci kamar gara. Baba bai ce a kawo shi ba, ya ce mu je gidan. Ya zagaya bayan kanti ya tsuguna inda muzurun yake fitsari, ya nuna mini kiyashi sun yi layi a wurin. Ciwon sukari ne. Muka ɗebi fitsarin muka dafa shi a 'yar kwalbar gwaji da wani shuɗin ruwa da muke da shi, nan take ya koma ja kamar jan bulo. Wata kyanwa kuma a Kurmin Mashi, ta wata mai sayar da waina, ƙishirwa da amai iri ɗaya, amma cikinta ya ɗaure tamau kuma akwai wari a bayanta. Mahaifarta ce ta cika da mugunya, likita ya yi mata aiki washegari ta tashi. Mun ga masu ciwon hanta, da ka ɗaga fatar idonsu ka ga rawaya. Akwai ma waɗanda suka gagare mu, tsofaffi ramammu masu cin tsiya, zuciyarsu tana gudu, ba sa zama wuri ɗaya. Sai bayan shekaru likitoci suka gane wani abu ne a maƙogwaronsu mai kama da maƙoƙo. Amma wanda ya fi yawa, wanda in ka ce shi ne kafin ka duba sau da yawa za ka dace, shi ne ƙoda. Tsufa yana cinye ƙodar kyanwa a hankali, ta kasa riƙe ruwa, ya riƙa wucewa kamar an zuba a kwando, dattin jini kuma ya taru ya tayar mata da zuciya.

Shekarar da aka canja kuɗi daga fam zuwa naira ita ce muguwar shekararmu. Fari ya kama arewa, shanu suna gangarowa kudu ƙashi da fata, cuta tana bin su. Aka kwashe likita da Baba Tanko da duk wani mai iya riƙe sirinji aka tura su daji riga-kafi, aka tafi da motar ofis da kusan duk maganin da ke sito. Ni aka bari da mabuɗi, da keke, da kwalaben ƙarin ruwa guda uku. Na ji haushin barina, ba zan ɓoye muku ba. Abokaina suna can suna ceton garke, ni ina nan ina cire wa karnukan Unguwar Rimi kaska.

A cikin bazarar wannan shekara ne, wata ranar Laraba da hantsi, aka aiko daga gidan wani babban ma'aikacin gwamnati a Unguwar Rimi wai in zo an sa wa kyanwa guba. Ba zan faɗi sunansa ba, Alhaji kawai za mu ce. Gida ne irin nasu, katanga, bishiyoyin mangwaro, mota a rumfa, ɗakunan ma'aikata a can baya. Na tarar da shi tsaye a baranda da hularsa a kai, ya fasa fita ofis saboda maganar. Ko amsa gaisuwata bai gama yi ba ya gaya mini abin da yake so: in duba kyanwar, in rubuta masa takarda cewa guba ce, da hatimin asibiti.

Kyanwar ta mahaifiyarsa ce, Hajiya, tsohuwa mai kusan shekara tamanin da ya ɗauko daga Zariya bayan rasuwar mahaifinsa. Da kyanwar ta zo, a cikin kwando, kuma shekararsu goma sha biyar tare. Wanda ake zargi kuwa kukun gidan ne, Malam Iro, wanda ya yi shekara goma sha tara yana dafa wa Alhaji abinci, tun Alhaji yana ƙaramin akawu. Alhaji ya lissafa mini hujjojinsa kamar yana karanta fayil. An sha jin Malam Iro yana yi wa kyanwar faɗa don tana shiga masa kicin tana sa baki a randa. Akwai maganin ɓera a sito, kuma mabuɗin yana hannunsa. Sannan jiya da la'asar shi da kansa ya zagaya baya ya same shi tsugune bayan tankin ruwa, yana ba ta wani abu fari-fari a ɗan kwano, yana waige-waige. Minti kaɗan bayan haka ta yi amai. Da ya tambaye shi, wai ruwa ne da ɗan romon kaza. Alhaji ya ce in ruwa ne, me ya kai shi ɓuya? Ya ba shi zuwa Juma'a ya kwashe iyalinsa ya bar gidan, takardata kuma za ta shiga hannun duk wanda ya zo tambayar halinsa.

Ku fahimci abin da wannan yake nufi. Unguwar Rimi ta wancan lokaci kowa ya san kowa, matan manya suna ziyartar juna, kuku-kuku suna haɗuwa a kasuwa ɗaya. Kukun da aka kora don sata zai iya samun wani gida in an yi masa alfarma. Wanda aka ce ya zuba guba a kwano kuwa, ko na kyanwa ne, ba wanda zai sake ba shi tukunya har ya mutu. Malam Iro yana da mata da 'ya'ya biyar a ɗakunan bayan nan, kuma ba shi da wata sana'a sai girki. Na hango shi a ƙofar kicin, siriri, mai furfura a gemu, ya sa farar rigar aikinsa tsaf kamar ba abin da ya faru. Ya gaishe ni da ka.

Gaskiya da farko na kusa yarda da Alhaji. Babban mutum ne, maganarsa a jere take, ni kuma shekarata ashirin da 'yan kai. Har na fara tunanin me ake bayarwa in maganin ɓera ne. Sai na tuna Baba Tanko, na ce ranka ya daɗe, kafin in ga kyanwar ina so a zagaya da ni in ga inda take shan ruwa. Ya dube ni kamar na yi maganar banza, amma ya ce in bi shi.

Ban taɓa ganin gida irin wannan ba. Randar kicin an rufe ta da faifai an ɗora dutse. Ta tsakar gida ma haka. Butoci duk an rataye su a ƙusa a bango, sama da kaina. Bokitai a kife. Famfon bayan gida da yake ɗiga an naɗe masa baki da tsumma an ɗaure da igiya. Ko kaskon ruwan kaji an ɗauke an kai cikin akurki an rufe. Cikin bazara, rana tana dukan kwano, amma babu wurin da kyanwa za ta sami ɗigon ruwa a gidan nan. Na tambayi Alhaji wa ya sa a yi haka. Ya ce Hajiya ce, kuma yau kwana tara ke nan.

A ɗakin Hajiya na sami kyanwar, kwance a kan buzun salla. Fara ce mai baƙi a kunne ɗaya, gashinta ya yamutse, ƙashin bayanta ya fito kamar carbi. Na naɗe ta da tawul, ko motsin kirki ba ta yi ba. Na ja fatar ƙeyarta na saki, ta tsaya a tsaye ba ta koma ba. Jikin ya bushe. Dasashinta fari fat, da 'yan gyambuna a gefen harshe, numfashinta yana zarni. Ma'aunin zafi ya nuna jikin ya ma yi sanyi. Babu jini a baki ko a kashi, babu karkarwa, babu dalala, ba ko ɗaya daga abin da maganin ɓera ke yi. Na lalubi cikinta ta bayan haƙarƙari. Ƙodar kyanwa mai lafiya sumul take, tana da ɗan cika a hannu. Waɗannan sun ƙanƙance sun yi tauri da gurji-gurji kamar busasshen dabino.

Alhaji ya tafi ofis ya ce zai dawo da azahar ya karɓi takarda, don haka na zauna a bakin ƙofa muka yi hira da Hajiya. Wannan ma aiki ne, ku da kuke ganin hira ɓata lokaci ce. Tsohuwa ce mai kaifin tunani. Na tambaye ta yaushe ta fara ganin canji. Ta ce tun kafin babbar salla, lokacin ana tsananin sanyi, kyanwar ta fara zuwa in tana alwala tana lasar ruwan da ke zuba daga buta, ita har daɗi take ji, tana cewa ta zama mai ibada. Daga nan ta koma randa. Fitsari kuma ya yi yawa, ga shi ba ya ko wari kamar da. Abinci ta rage ci, sai kilishi da kifi banda da take sam mata daga nata. Amai bai fara ba sai 'yan makonnin nan, kuma ta lura kullum bayan ta ɗirki ruwa ne take yi. Ita ta raini 'ya'ya tara, ta san in yaro yana amai ana janye masa ruwa har cikin ya kwanta. Shi ya sa ta sa a rufe komai, take ba ta cokali biyu na madara safe da yamma. Tana faɗa tana shafa kan kyanwar, kuma na ga ta tabbata alheri ta yi mata.

Nan na tsaya tunani. Ciwon na gane shi, wannan ba wuya. Wuyar ita ce, don in wanke Malam Iro sai na ce umarnin Hajiya ne ya kusa kashe kyanwar. In na faɗi haka a gaban ɗanta, na kunyata tsohuwa a gidan ɗanta, shi kuma ba zai taɓa yarda a ce uwarsa ta yi kuskure kukunsa ya yi daidai ba. Zai kore ni, ya kori Malam Iro, ya nemi takardarsa a wani wuri. In kuma na yi shiru na rubuta ciwon ƙoda kawai, zargin yana nan, don Alhaji zai ce gubar ce ta taɓa ƙodar.

Na fara da abin da hannu zai iya. Na ɗauko kwalba ɗaya cikin ukun da suka rage mini, na ɗuma ta a ruwan zafi, na rataye a ƙusar labule, na sa allura ƙarƙashin fatar kafaɗa, ruwan yana shiga a hankali har ya yi ɗan tozo. Na san in likita ya dawo zai tambaye ni dalilin da na kashe wa kyanwa kwalba a shekarar da shanu ke faɗuwa, na kuma shirya amsata. Na nemi faranti aka wanke tsakuwa aka zuba a ciki maimakon yashi, don in ta yi fitsari ya taru a ƙasa. Sannan na roƙi Hajiya ta sa a kawo mini ruwa a gwangwanin madara. Ta ɓata rai, ta ce zai dawo da aman. Na ce kaɗan-kaɗan za mu ba ta, ba ɗirka ba, in ta yi amai laifina ne. Kyanwar da ba ta iya ɗaga kai, da ta ji ƙamshin ruwa sai ta miƙe a kan ƙafafun gaba tana rawar jiki. Hajiya ta ga wannan da idonta.

Ana kiran azahar ta yi fitsarin. Na zuba a kwalbar gwaji na ɗaga wa Hajiya a hasken taga: fari tas, ba ka bambanta shi da ruwan randa. Na dafa shi da shuɗin ruwana a kan 'yar fitila, ya tsaya shuɗi, babu sukari. Sai na yi mata bayani da irin maganar da za ta shiga. Na ce Hajiya, ƙodarta ta tsufa, ta zama kamar tulun da ya tsage. Abin da aka zuba fita yake yi, shi ya sa take ta nema. Ba ruwan ne ke kawo aman ba, ciwon ne, ruwan kuwa shi ke wanke mata jini. Yaro mai amai daban, wannan daban, kuma ba laifin kowa ba ne rashin sanin haka, ni ma koya mini aka yi. Ta tambaye ni gubar fa? Na ce guba ba ta fara aiki tun kafin babbar salla ta kai bazara tana jan ƙafa.

Ta daɗe tana jan carbi. Sai ta ce, "To ɗan nan, gaya mini tsakani da Allah. Mage mai irin wannan ciwo, kwana nawa za ta yi ba ruwa a wannan zafin?"

Na ce, "Uku, Hajiya. In ta yi ƙoƙari huɗu."

"Yau tara."

"Tara, Hajiya."

Ba ta sake tambayata komai ba. Lissafin ita ta yi shi da kanta, kuma abin da nake so ke nan. Idonta ya ciko, ta goge da bakin mayafi, ta ce in zauna kada in tafi.

Alhaji ya dawo bayan salla, ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin ya gaishe ta, ya miƙo mini hannu in ba shi takarda. Na ce ranka ya daɗe, ba ni hannun tukuna. Na kama yatsunsa na kai su bayan haƙarƙarin kyanwar, na ce ya matsa a hankali. Ya ji abin da na ji. Na gaya masa wannan aikin shekaru ne, ba na kwana ɗaya ba, kuma abin da zan rubuta ke nan, ba zan rubuta guba ba. Ya haɗe rai. Ya fara tambayata shekarata nawa a aiki da kuma yaushe likita zai dawo, irin tambayar da ka san inda ta dosa. Amma ban janye ba.

Alhaji ne ɗanta na fari, don haka ba ta kiran sunansa, ba ta ma cika duban fuskarsa ba. Yana tsaye taku uku daga gare ta, amma ni ta juyo ta yi wa magana.

Ta ce, "Malam, gaya wa mai gidan nan ni na hana ta ruwa, ni na kusa kashe ta da hannuna. Kwana tara Iro yana saɓa mini a ɓoye, shi ya sa take numfashi. Ka gaya masa in Iro ya bar gidan nan ranar Juma'a, a motar da za ta kwashe kayansa za a sa nawa."

Ban maimaita ba, ai ya ji. Ya tsaya kansa a ƙasa kamar ɗan makaranta. Can ya juya ya fita, na bi shi da akwatina don ban san abin da zai yi ba. Ya nufi bayan gida. Ɗan kwanon yana nan inda ya yi jifa da shi jiya, gindin tanki, wani tsohon kwanon sha mai tsatsa a baki. Ya sunkuya ya ɗauka. Ya je famfo ya kwance igiyar da tsumman da kansa, ya tattare hannun babbar rigarsa, ya wanke kwanon ciki da baya, ya cika shi. Malam Iro yana tsaye a ƙofar kicin, matarsa tana leƙe daga bayan labule, ga ƙullin kayansu an fara ɗaurewa. Alhaji ya je har gabansa ya miƙa masa kwanon da hannu biyu, ya ce, "Malam Iro, kai mata. A gaban kowa." Bai ce a yafe masa ba a gabana, manya ba su saba ba, amma muryarsa ta faɗa. Malam Iro ya karɓa ya ce to, Maigida, ya wuce ɗakin Hajiya yana tafiya a hankali don kada ya zube.

Sauran aikin na yau da kullum ne. Aka sauke butoci, aka ɗauke duwatsu daga kan randuna. Na sa a ajiye mata ruwa wuri uku, a riƙa aunawa da gwangwanin madara a gaya mini; tana tashi da uku a yini. Na hana kilishi da kifi banda saboda gishiri, na hana madara, na ce dafaffiyar kaza ba gishiri da ɗan ƙwai da 'yar shinkafa, kaɗan-kaɗan sau da yawa, da ɗumi. Romon nan na Malam Iro ma na ce a ci gaba da shi, don dabararsa ta fi tawa. Da shi take shan ruwan ba ta ɗirka. Kwalabena biyu da suka rage duk a jikinta suka ƙare. Da likita ya dawo ya yi faɗan da na zata, na ba shi labari, ya yi tsaki ya sa hannu a takardar sito. Baba Tanko kuwa abu ɗaya ya tambaye ni, ko na duba wurin ruwan kafin in buɗe akwati. Na ce na duba. Ya ce to, ya ci gaba da cin goronsa.

Ban warkar da ita ba, kada ku ɗauka haka. Ƙodar da ta tafi ba ta dawowa, kuma na gaya wa Hajiya wannan tun ranar. Wata takwas ta ƙara, ta ɗan yi kumari, ta koma zama kusa da buta lokacin alwala, sannan wata safiya ta mutu a kan buzun. Malam Iro ne ya zo a keke ya gaya mini. Ya ci gaba da girki a gidan har Alhaji ya yi ritaya, babbar 'yar Malam Iro ma daga gidan aka kai ta ɗakin miji.

Ranar da ya zo ɗin nan na tambaye shi abin da ya daɗe yana cina. Na ce kai da kake yi mata faɗa kullum, kai da ka san halin maigidanka, me ya sa ka sa aikinka da wurin kwanan 'ya'yanka a kan mage? Ya ce shi bai san ƙoda ba, bai san komai ba, har yanzu ma ba wai son mage yake ba. In yana wanke-wanke ne take zuwa ta zauna nesa kaɗan, ba kuka, tana bin ruwan da yake zubarwa a rariya da ido.

Ya ce, "Malam, ni ma na yi azumi a bazara."

Kyanwar jiya tana nan a keji na biyu, matar kuma za ta dawo da ƙarfe goma. Ga gwangwanin madara can a kan taga. Wanda ya ce tsutsar ciki ce, shi zai fara yi mata tambaya, kuma sirinji ya zauna a inda yake.